Zanen aisometirik na ƙafar tanki: me ya sa ramukan noti suke fitowa a karkace?

Abba Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Manyanmu ina neman gyara. Zanen ƙafar tankin ruwa ne ake so a ba mai walda: tsayi 3000 mm, faɗi 1200 a kowane gefe, ƙarfen angul 50 × 50 × 5, kowace ƙafa tana zaune kan faleti, wato farantin ƙarfe, 200 × 200 × 10 mai ramuka huɗu na 14 mm don noti M12. Tankin da za a ɗora faɗinsa 1000 mm ne. A manhajar zane ta CorelDRAW nake aikin. Layukan tsaye da na digiri 30 sun zauna lafiya, amma ramukan faletin sun ƙi kwanciya a kansa, kamar an manna su daga baya, kuma gindin tankin ya fi dandamalin ƙanƙanta fiye da yadda lissafi ya ce. Ina kuskuren yake?

Malam Lawal:
Wa alaikumus salam. Abba, kafin a taɓa manhaja sai a riƙe doka ɗaya. A aisometirik, wato zanen da yake nuna saman abu da gefensa biyu a lokaci ɗaya, hanyoyi uku ne kawai awo yake faɗin gaskiya a kansu: layin tsaye, layin da ya tashi digiri 30 zuwa dama, da wanda ya tashi digiri 30 zuwa hagu. Tsakanin kowane biyu digiri 120 ne. Duk abin da bai bi ɗaya daga cikin ukun nan ba, ba a auna shi da rula, gina shi ake yi. Da'ira ba ta bi ko ɗaya ba, shi ya sa take komawa siffar ƙwai, kuma ƙwan yana da awo ƙayyadadde. Idan kana zana layukanka da cikakken awo, wato 200 ya zama 200, dogon faɗin ƙwan shi ne faɗin da'irar sau 1.2247, gajeren kuma sau 0.7071. Raminka na 14 zai zama 17.15 da 9.9. Gindin tankinka na 1000 zai zama 1224.7 da 707.1. Ina kyautata zaton ka bar dogon faɗin a 1000 ka matse gajeren da ido, shi ya sa tankin ya yi kamar ya rame.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Haka na yi Malam, 1000 na bari, gajeren na sa 577 saboda na ga ana cewa kashi 57.7.

Malam Lawal:
To ka haɗa awo biyu a zane ɗaya. 1000 da 577 daidai ne, amma na wani tsarin ne, wanda ake rage kowane layi zuwa kashi 81.65 cikin ɗari, domin haka ido zai ga abin da gaske idan an juya shi digiri 45 aka karkato shi digiri 35.26. A can gefen dandamalinka ba 1200 zai zama ba, 980 ne. Kai ka bar gefe a 1200 ka ɗauko ƙwan masu 980. Ka zaɓi ɗaya. Don aikin walda cikakken awo ya fi, tunda ba sai ka riƙa ninka kowace lamba da 0.8165 ba.

Injiniya Hadiza:
Akwai kuskure na biyu da nake zaton yana cikin zanen, Malam bai kai gare shi ba. Ko awon ƙwan ya yi daidai, idan ya fuskanci inda bai dace ba zai ci gaba da kama da abin da aka manna. Gajeren faɗin ƙwai kullum yana kwanciya ne a kan layin da noti zai bi ya shiga ramin. Faletinka a kwance yake, noti daga sama zai sauko, saboda haka gajeren faɗi a tsaye, dogon a kwance sak, ba juyawa ko digiri ɗaya. Rami a fuskar dama kuwa dogon faɗinsa yana kan digiri 60, a fuskar hagu digiri 120. Mutane da yawa suna juya shi digiri 30 don ya bi gefen akwatin, nan ne yake lalacewa.

Amma ni ba zan zana ƙwai ɗaya-ɗaya ba. Ka zana faletin a miƙe yadda yake, murabba'i 200 da ramukansa huɗu a inda suke, ka haɗa su rukuni ɗaya, sannan ka kwantar da rukunin gaba ɗaya. Ramukan za su zama ƙwai da kansu kuma su faɗa gurbinsu. A CorelDRAW, fuskar sama: Alt+F8 ka juya digiri 45, sannan Alt+F9 ka cire alamar da take ɗaure faɗi da tsayi, ka sa faɗi kashi 122.47 cikin ɗari, tsayi kashi 70.71. Fuskar gefe ta fi sauƙi: faɗi kashi 86.6, tsayi kashi 100 yadda yake, sai ka je Skew ka karkata ta tsaye digiri 30, ɗaya fuskar kuma −30. Jerin yana da muhimmanci. Idan ka karkata kafin ka matse, kusurwar ba za ta tsaya a 30 ba, za ta koma wajen 33.7, kuma fuskokin ba za su haɗu a gefe ba.

Kabiru Daura:
Anti Hadiza, wannan 86.6 ɗin wasu suna sa 86 ko 87 wai duk ɗaya ne. A faɗin 1200 bambancin 86 da 86.602 ya haura milimita bakwai, kuma a kusurwar da fuskoki uku suka haɗu zai fito fili kamar ƙofar da kafinta bai daidaita ba. A rubuta 86.602 gaba ɗaya, ba kuɗi ake biya ba.

Ga wanda ba ya da lasisin Corel, Inkscape kyauta ce kuma tana yin wannan da taki ɗaya. Shift+Ctrl+M yana buɗe Transform, a shiga Matrix. Fuskar gefe: A 0.866, B 0.5 ko −0.5, C 0, D 1. Fuskar sama: A 0.866, B 0.5, C −0.866, D 0.5. Idan fuskar gefe ta karkata ɓangaren da ba shi ake so ba, a juya alamar B. Lambobin nan ba wani sirri ba ne, 0.866 da 0.5 su ne kosain da sain na digiri 30. A Document Properties kuma akwai ragar Axonometric, a bar kusurwoyinta biyu a 30 da 30, layi zai riƙa kamawa da kansa.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Na gwada ta Anti Hadiza, ramukan sun kwanta, alhamdu lillahi. Sai dai yanzu bakin kowane rami wani gefen ya yi kauri wani ya sirance, kamar rubutun alƙalamin kara.

Injiniya Hadiza:
Kaurin layin ne aka matse tare da siffar. Danna F12 ka cire alamar Scale with object, sannan ka sake ba layin kaurinsa. A Inkscape ma haka take faruwa idan da'irar tana nan a matsayin da'ira ko tana cikin rukuni: a warware rukunin, a mayar da ita layi da Shift+Ctrl+C, kaurin zai daidaita. Ka ajiye kwafin faletin a miƙe a gefen shafi kafin duk wannan. Ranar da aka ce ramin ya koma 16, gyara na miƙen da sake kwantar da shi ya fi kokawa da ƙwai huɗu sauri.

Oga Sule mai walda:
Ni tambayata ta wajen aiki ce. Ƙafar tanki ba ta tsayuwa ba tokara. Idan an sa ƙarfe biyu gicciye a tsakanin ƙafafu, sau da yawa a irin zanen nan ɗaya yana fitowa dogo ɗaya gajere, yaro ya sa tef a kan takarda ya yanka ƙarfe biyu mabambanta. Mai zane ne ya yi kuskure ko haka abin yake?

Malam Lawal:
Haka abin yake Oga Sule, kuma tambayarka ta fi ta ramukan muhimmanci. Ɗauki fage mai 1200 faɗi da 1200 tsayi. Tokara daga kusurwa zuwa kusurwa tsawonta na gaskiya 1697 ne, duka biyun, kuma kowace tana kan digiri 45. A aisometirik ɗaya za ta miƙe ta zama 2078 a kan digiri 60, ɗayar ta takure ta zama 1200 cif, ta kwanta digiri 30. Babu wadda ta nuna 1697, babu wadda ta nuna 45. Saboda haka tokara ba a zana ta da kusurwa. Ana sa ɗigon farkonta da na ƙarshenta ta hanyar auna kan layukan nan uku, sai a haɗa ɗigon biyu. Tsawon yanka kuma a rubuta shi da lamba a jikin zanen, ko a jerin kayan da za a yanka, a ƙasa kuma a rubuta cewa kada a auna daga takarda.

Abin da ya fi ruɗarwa shi ne ita gajeriyar tokarar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layukan zurfi, sai mai kallo ya ɗauka ƙarfe ne da ya nufi baya. A firam mai murabba'i kamar na Abba har ƙafar gaba tana rufe mafi yawan ta baya, domin suna kan layi ɗaya a tsaye.

Kabiru Daura:
Wannan ita ce hujjata ta cewa ba kowane abu ne ya cancanci aisometirik ba. Abu mai faɗi da zurfi daidai, kamar ƙafar tankin nan, ya fi fitowa a daimetirik. Ma'aunin ISO 5456-3 ya ba da shi: layi ɗaya digiri 7, ɗaya digiri 42, biyu da cikakken awo, na zurfi rabi. Ƙafafu huɗun duk za su fito daban-daban. A Matrix, fuskar gaba A 0.9925 da B 0.1219, ta gefe A 0.3716 da B 0.3346, alamominsu kishiyar juna.

Injiniya Hadiza:
Ban ƙi ba Kabiru, amma ka faɗi kuɗinsa. A daimetirik ƙwai iri biyu ne maimakon ɗaya, zurfi kuma rabi ne, ga shi an riga an ce yara suna sa tef a kan takarda. Mai walda da ya saba da digiri 30 tun daga darasin zanen fasaha na sakandare zai karanta aisometirik ba tare da an yi mashi bayani ba. Ni sai in bar shi a aisometirik, in yanke ɗan tsakiyar ƙafar gaba da layin karya don ta baya ta leƙo, in kuma sa zanen gaba da na sama a miƙe kusa da shi. Awo yana kan na miƙen, aisometirik aikinsa ya nuna yadda abubuwa suke haɗuwa.

Kabiru Daura:
Yanke ƙafar gaba dabara ce, na karɓa. Amma ga kafintoci ina nan kan bakana: wadirob ko kanta, abin da ake so a gani yana fuska, to a bar fuskar a miƙe, a ja zurfi digiri 45 da rabin awo, wanda ake kira kabinet. Zurfin 600 a zana shi 300. Da'irar da take fuskar gaba tana nan da'ira, ba ruwanka da ƙwai. Idan aka ja zurfin da cikakken awo, wato kabaliya, wadirob ɗin sai ya yi kama da rumfar kasuwa don tsawo.

Injiniya Mustapha:
Na makara, amma bari in kawo ta AutoCAD tunda ita ɗaliban kwalejin Hassan Usman da na Daura suka fi tambaya. A rubuta ISODRAFT, ko a tsohuwar manhaja a mayar da SNAPSTYL zuwa 1. F5 yana zagaya fuskoki uku, hagu, sama, dama. F8 yana ɗaure layi a kan hanyoyin fuskar da ake ciki, sai a nuna hanya a rubuta tsawo kawai. Rami kuma ba da CIRCLE ake yi ba: ELLIPSE, sannan I, a nuna tsakiya, a ba da rabin faɗi, 7 ga ramin 14. Zaɓin I ɗin ba ya bayyana sai an kunna yanayin aisometirik, wanda ya neme shi bai gani ba ya duba nan. Kuma a duba fuskar da ake ciki kafin a zana, domin manhajar ba ta san faletinka a kwance yake ba.

Umarni biyu ne suke cutar mutane. Na farko OFFSET. Yana auna tazara ne a miƙe daga layi, ba ta hanyar aisometirik ba. Ka ce ya matsa 50 don faɗin angul, abin da za ka samu a kan layin zurfi 57.7 ne. A yi COPY a nuna hanya a rubuta 50. Haka idan aka yi OFFSET ɗin ƙwai don a nuna kaurin bututu, abin da ya fito ba ƙwan da ya dace ba ne, a zana sabo da nasa awon. Na biyu FILLET. Yana zagaye kusurwa da yankin da'ira ta gaskiya, alhali kusurwar faleti mai zagaye yankin ƙwai ce. A zana ƙwan a kusurwar a yi TRIM.

Jikin tankin: ƙwai a ƙasa, a kwafe shi sama da tsayin tankin, a haɗa su da layi biyu daga ƙarshen dogon faɗi, ana kamawa da Quadrant. Rabin ƙwan ƙasa na baya a goge shi.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Injiniya, rubutun awo fa? Nawa suna tsaye a miƙe kamar ba na zanen ba.

Injiniya Mustapha:
A AutoCAD a sa awon da DIMALIGNED, sannan DIMEDIT, a zaɓi Oblique, a ba da kusurwar da ake so ƙafafun awon su bi. Awon da yake kan layin digiri 30 ƙafafunsa su bi 90 ko 150. Awon tsayi su bi 30 ko 150. Haruffan kuma a yi masu salo biyu a STYLE, ɗaya mai karkata 30 ɗaya −30. Fuskar dama: karkata 30, juyi 30. Fuskar hagu: −30 da −30. Fuskar sama: juyi 30 da karkata −30. A Corel rubutun ana bi da shi ta matakan da aka bi da fuskar da zai kwanta a kai.

Gaskiyar magana kuma, abu mai sassa da yawa gina shi a siffa mai jiki uku ya fi, a juya kallo zuwa SE Isometric, a ciro zanen da FLATSHOT ko VIEWBASE. Sai dai a sani abin da ya fito yana kan kashi 81.65 ne, wanda Malam ya yi bayani. Wanda zai haɗa shi da abin da ya zana da hannu a cikakken awo sai ya ninka shi da 1.2247, in ba haka ba ya koma matsalar da Abba ya fara da ita.

Malam Lawal:
Ina da ja kaɗan a nan. Wanda bai iya gina akwati da hannu ya sassaƙo siffa daga cikinsa ba, idan FLATSHOT ya ba shi shirme ba zai gane shirme ba ne. Kuma a ɗakin jarrabawar WAEC ko NABTEB kamfas da sitsikwaya ne a gabansa. Can hanyar cibiya huɗu ake bi wajen zana ƙwai: manyan baka biyu da rabin faɗi 0.866 na faɗin da'irar, ƙanana biyu da 0.289. A sani dai kusan ƙwai ne, ba shi ba ne. Da'irar 100 tana ba da 115.5 da 73.2, na gaskiya kuwa 122.5 da 70.7. A takarda ya wadatar. A kwamfuta ba dalilin kwaikwayon sa, amma har yanzu ana ganin masu haɗa baka huɗu a Corel, sannan su yi mamakin layin gefen tanki ya ƙi taɓa ƙwan a inda ya kamata.

Injiniya Mustapha:
Ba mu saɓa ba Malam. A koya da hannu, a ci abinci da manhaja.

Oga Sule mai walda:
A ƙara mana da noti. Ana zana mashi kai kamar an taka shi da mota.

Injiniya Hadiza:
Saboda ana zana mai kusurwa shida daidai-wa-daida a ɗora, ko a matse shi da ido. Shi ma a miƙe ake zana shi a kwantar da shi kamar faletin. M12 na kasuwa wanda sifana 19 take kamawa, daga gefe zuwa gefe 19 ne, daga kusurwa zuwa kusurwa 21.9. Na sabon ma'aunin ISO 18 ne, a duba wanda za a saya. Haƙoransa ba a zana su ɗaya-ɗaya da tazarar 1.75 ta gaskiya, a sikeli 1:20 za su cure su zama baƙin tabo. Rabin ƙwai ake jerawa da tazara mai faɗi a zanen da aka ƙara girma. Idan kuma za a warwatsa sassan don a nuna yadda ake haɗawa, noti da washa da faleti kowanne ya ja baya a kan layin da zai bi ya shiga, a haɗa su da siririn layi mai ɗigo, kada a ture ko ɗaya gefe don neman wuri.

Kaurin layi kuma biyu ya isa, 0.5 da 0.25. Gefen da ake ganin fuskokinsa biyu siriri, gefen da fuska ɗaya kawai ake gani, bayansa sarari, mai kauri. Wannan kaɗai yana raba ƙafar gaba da ta baya. Layukan ɓoye a bar su, a aisometirik hayaniya suke ƙarawa.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Allah ya ƙara sani. Saura takarda: A4 za ta ɗauka a 1:20?

Kabiru Daura:
Lissafa da kanka ka gani. A shafi ƙafar tana cin 3000 da 600 sau biyu, 4200 ke nan, faɗi kuma 2078. Idan tankin tsayinsa 1200 ne, ƙolinsa yana kaiwa wajen 5154. A 1:20 wannan 258 mm ne cikin 297 na A4 a tsaye, ba wurin awo da akwatin suna. Ka koma A3, ko 1:25 ya zama 206. Ka fitar da shi PDF, kuma a shagon buga takarda ka ce a bar shi Actual size, domin Fit to page yana rage shi ba tare da ya faɗa wa kowa ba, sikelin da ka rubuta a ƙasa ya zama ƙarya.

Oga Sule mai walda:
Ka sa jerin yanka a gefe, kowane ƙarfe da lambarsa da tsawonsa da adadinsa. Kuma 1697 ɗin tokara daga kusurwa zuwa kusurwa ne, na yanka zai ragu gwargwadon inda za ta zauna a jikin angul, cikin leɓe ko bayansa. Ka nuna wannan mahaɗar a babban zane daban, 1:2 ko 1:5.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Bayan leɓe za ta zauna Oga. Zan ƙara zanen mahaɗar in turo maku ku duba kafin a kai shago.